Garin Sarakuna Biyu da Jadawalin Zurich: Wa Ke Ƙirga Ƙabilun Pataskum?

Masu iya magana sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya. Wanda ya fara faɗin haka bai kwana a Potiskum ba. A wannan gari na kudu maso yammacin jihar Yobe, inda hanyar Kano da ta Bauchi suke haɗuwa su miƙe zuwa Damaturu da Maiduguri, akwai fadar Sarkin Fika, wanda Bolewa ke kira Moi, akwai kuma fadar Mai Pataskum na Ngizimawa. Kowane da hakimansa, da dogaransa, da mutanen da ke zuwa faɗuwa gaisuwa ranar Juma'a. A takarda sunan garin Potiskum, a bakin jama'a Pataskum. Baƙon da ya shigo sayen shanu a babbar kasuwar garin, ko direban tirela da ya tsaya shan shayi, Hausa kawai zai ji a ko'ina, har ya ɗauka garin Hausawa ne. Sai ya shiga cikin gidaje zai ji Bolanci, da Ngizimanci, da Karai-Karai, da Ngamo, da Fulatanci, da Barbarci.

A can ƙasar Suwizalan kuma, a wata babbar jami'ar kimiyya da fasaha ta birnin Zurich, akwai wani rumbun bayanai da manazarta siyasar duniya ke ji da shi. Sunansa Ethnic Power Relations, ana taƙaita shi da EPR. Aikinsa shi ne ya bi ƙasashen duniya ɗaya bayan ɗaya, shekara bayan shekara tun daga 1946, ya rubuta wace ƙabila ce ke riƙe da mulki, wace aka ɗan sammata, wace kuma aka mayar saniyar ware. Daga nan sai a ɗora wannan jadawali a kan jerin yaƙe-yaƙen basasa, a ga ko akwai alaƙa. Na buɗa shafin Najeriya ina neman Ngizim, ina neman Bolewa, ina neman Karai-Karai. Babu ko ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki, ko Kanuri ba su da layinsu.

Gardamar da ta haifi jadawalin

Kafin a ga laifin masu jadawalin, ya kamata a san abin da suka zo gyarawa. A farkon shekarun 2000 ra'ayin da ya fi tashe a tsakanin masana shi ne cewa ƙabilanci ba ya haifar da yaƙin basasa. Paul Collier da Anke Hoeffler, waɗanda aikinsu ya samu gindin zama a Bankin Duniya, sun auna haɗama da ƙorafi, suka ce haɗama da samun dama ne suka fi bayyana inda tawaye ke ɓarkewa: ma'adinan da za a iya sacewa, matasa marasa aikin yi, talauci. A 2003 James Fearon da David Laitin na jami'ar Stanford suka fito da nasu sakamakon, cewa raunin gwamnati da duwatsun ɓuya da talauci su ne kan gaba, yawan ƙabilu a ƙasa kuwa ba ya ƙara komai. Hujjarsu mai sauƙi ce: ƙorafi yana ko'ina, amma yaƙi ba ya ko'ina.

Sai dai ma'aunin da aka yi ta amfani da shi wajen auna ƙabilanci a wancan lokaci abin dariya ne idan mutum ya san tushensa. Ana ɗaukar mutum biyu a ƙasa ba tare da zaɓe ba, a lissafa yiwuwar a ce yarensu ya bambanta. Jerin ƙabilun da aka fi dogara da shi kuwa daga wani littafin taswira yake, wanda masanan Tarayyar Sobiyet suka wallafa a 1964. Wannan ma'auni zai gaya maka cewa ƙasa kaza tana da ƙabilu da yawa, amma ba zai gaya maka wa ke kan kujera ba, wa kuma ke tsugune a bakin ƙofa. Tanzaniya tana da ƙabilu sama da 100 ba ta taɓa yaƙin basasar ƙabilanci ba. Ruwanda kusan yare ɗaya take yi, kowa ya san abin da ya faru a 1994.

A nan ne Andreas Wimmer da Lars-Erik Cederman da Brian Min suka shigo. Suka ce tambayar ce aka yi ba daidai ba. Suka tuntuɓi masanan ƙasashe daban-daban, suka haɗa jadawalin farko da ya ƙunshi ƙasashe 155 da ƙabilu 733, daga 1946 zuwa 2005, suka wallafa sakamakonsu a 2009 da 2010. Kowace ƙabila an ba ta matsayi. Akwai wadda ta yi babakere ita kaɗai, akwai mai rinjaye da ke ɗan saka wasu don ado, akwai babbar abokiyar tarayya da ƙaramar abokiyar tarayya, wato mowa da bora a gidan mulki ɗaya. Ƙasa da su akwai 'yan kallo da ba su da ta cewa, sai waɗanda gwamnati ke dannewa da gangan. Abin da suka gano kuwa, duk dattijon da ya taɓa zama a majalisar hakimi zai ce ai dama ya sani: ƙabilar da aka rufe wa ƙofa ta fi saurin ɗaukar makami, musamman idan tana da yawa, idan ta taɓa yin yaƙi a baya, kuma mafi hatsari duka, idan a da tana ciki aka fitar da ita kwanan nan. Wanda bai taɓa ɗanɗana ba yana iya haƙuri. Wanda aka ƙwace wa cokali a baki, shi ne abin tsoro. A 2013 Cederman da Kristian Gleditsch da Halvard Buhaug suka faɗaɗa wannan hujja a littafi guda.

Yaƙin basasar Najeriya ya zauna daram a cikin wannan bayani. A 1960 jam'iyyar NPC ta Arewa da NCNC mai ƙarfi a Gabas ne ke riƙe da gwamnatin haɗin gwiwa. Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya kawo Janar Aguiyi-Ironsi, na 29 ga Yuli ya kawar da shi, kashe-kashen da suka biyo baya a garuruwan Arewa suka kora Ibo gida, Ojukwu ya ayyana Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, aka fara harbi a watan Yuli, ba a ajiye makami ba sai Janairun 1970. Ga Ibo, daga cikin mulki zuwa waje cikin wata shida, sannan yaƙi. Jadawalin bai yi ƙarya ba.

Kuɗin goro

Matsalar tana wajen ƙa'idar shiga. Don a ba ƙabila layi, sai an samu wata ƙungiya ko jam'iyya da ke iƙirarin magana da yawunta a siyasar ƙasa baki ɗaya, ko kuma a ce gwamnati na nuna mata wariya a fili. Mulkin da ake aunawa kuma shi ne na can sama: shugaban ƙasa, majalisar ministoci, ko manyan hafsoshi a zamanin soja. Da wannan rariya aka tace Najeriya, ƙasar da ake cewa tana da ƙabilu sama da 250 da harsuna sama da 500, sai layi shida suka rage: Yarbawa, Ibo, Ijaw, Ogoni, Tibi, da wani babban buhu da aka rubuta wa suna Hausa-Fulani da Musulmin Tsakiyar Najeriya.

Idan mutumin Potiskum yana cikin jadawalin, to a wannan buhu yake, an yi masa kuɗin goro. Ma'ana, a idon jadawalin, manomin gero Bakarkare da ke Nangere yana cikin waɗanda suka fi kowa daɗewa a kan mulkin Najeriya. Idan kuma Kirista ne, kamar yadda ake samu a cikin Karai-Karai da Ngamo da Ngizim, to ko buhun ma bai ɗauke shi ba.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya shafe shekaru a Jami'ar Ahmadu Bello yana yaƙi da irin wannan kallo, na ɗaukar ƙabilu tamkar duwatsun da aka sassaƙa tun fil azal. Kuma ko jerin shugabannin da ake jingina wa buhun ya isa shaida. Sir Abubakar Tafawa Balewa asalin gidansu Gerawan Bauchi ne. Janar Sani Abacha Babarbare ne haifaffen Kano. Janar Babangida da Janar Abdulsalami 'yan Minna ne. Shi kuwa Malam Adamu Ciroma, ɗan Potiskum, wanda ya riƙe Babban Bankin Najeriya daga 1975 zuwa 1977, ya nemi takarar shugaban ƙasa a NPN, ya yi ministan kuɗi daga 1999 zuwa 2003, Babole ne. Jaridun Legas sun yi ta kiransa jigon Hausa-Fulani har ya koma ga Allah a 2018. To idan jaridun gida sun yi haka, ina laifin malamin Zurich?

Ba na cewa buhun ƙarya ne zalla. A siyasar tarayya Arewa ta sha yin magana da murya ɗaya, kuma Musulunci da harshen Hausa sun ɗinke mutane ɗinki na gaske. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mulkin da ɗan Potiskum yake gani da idonsa, wanda yake taɓa gonarsa da rumfarsa ta kasuwa da takardar ɗansa ta neman aiki, ba a Abuja yake ba.

Yadda aka yi fada ta zama biyu

Abin sha'awa shi ne, idan ka ɗauki tambayoyin mutanen Zurich ka sauko da su ƙasa, ka yi su a Potiskum, sai ka ga kamar don garin aka tsara su.

Bolewa suna da tsohuwar daula. Tarihinsu yana kai ta ga ɗaruruwan shekaru, da zama a dutsen Daniski kafin a sauko garin Fika a farkon ƙarni na 19, kuma Fika ba ta faɗa hannun masu jihadi ba. Bisa lissafin masarautar, Alhaji Muhammadu Abali Ibn Muhammadu Idrissa, wanda ya gaji mahaifinsa a 2009, shi ne Moi na 43. Ngizimawa su ma suna da nasu tarihin, wanda ke cewa Mai Bauya ne ya kafa sarautar Pataskum a 1809, kuma unguwar Yerimaram ita ce tsohuwar cibiyarsu. Karai-Karai suna yamma da arewa, Ngamo suna kudu wajen Gadaka, kowa da shugabanninsa na gargajiya.

Da Turawa suka zo da tsarinsu na mulki ta hannun sarakuna, ba su da haƙurin hulɗa da ƙananan masu sarauta barkatai. Suna son babban sarki guda, da baitulmali guda, da kotu guda, da gidan yari guda, wanda zai tara haraji da jangali ya miƙa. A cikin shekarun 1910 suka haɗe ƙasar Potiskum a ƙarƙashin Fika. A 1924 kuma aka ɗauko fadar kanta daga garin Fika, mai nisan kusan kilomita 60 a kudu, aka dawo da ita Potiskum, saboda nan ne bakin babbar hanya, nan ne jami'in Turawa ke son zama. Moi Muhammadu Ibn Idrissa, wanda a zamaninsa aka yi wannan ƙaura, ya yi sarauta fiye da shekara 50, har zuwa 1976.

A nan kowane ɓangare yana da labarinsa, kuma kowane labari yana da ƙafa. Bolewa za su ce ƙauyen da suka tarar su suka raya shi ya zama birni, da makarantu da asibiti da kasuwa, kuma ba su suka roƙi a dawo da su ba. Ngizimawa za su ce a gidansu aka zo aka ɗora musu sarki, aka mayar da mai gida ɗan haya. Abin da ba a gardama a kai shi ne yadda En'e take aiki a ko'ina a Arewa: wanda ke kusa da fada shi ke samun hakimci, ɗansa ke fara shiga makarantar boko, shi ke zama malamin haraji da akawu da alƙali. Bayan shekara 30 sai ka tarar da tazarar ilimi da ta muƙami wadda ba wanda ya zauna ya ƙulla ta da sunan mugunta, amma ga ta nan. Abin da Farfesa Frances Stewart ta Oxford ke kira rashin daidaito tsakanin rukuni da rukuni ke nan, wanda marigayi Abdul Raufu Mustapha ya bi diddiginsa a ma'aikatun Najeriya. Mu kuwa kashin dankali muke ce masa: tarayya ta danne jiha, jiha ta danne masarauta, masarauta ta danne na ƙasa da ita.

An ƙirƙiro jihar Yobe daga Borno ranar 27 ga Agustan 1991, aka kai hedikwata Damaturu, duk da cewa Potiskum ta fi ta jama'a da kasuwanci nesa ba kusa ba. Wannan ma wani miki ne da har yau ake sosawa a majalisun shayi. A 1993 gwamnan farar hula na farko, Bukar Abba Ibrahim, ya tsaga masarautun jihar daga 4 zuwa 13. Gwamnatin soja da ta biyo baya ta soke. Da ya dawo mulki, sai ya sake tabbatar da su ranar 6 ga Janairun 2000. Daga tsohuwar ƙasar Fika aka fitar da masarautar Pataskum ta Ngizimawa, inda Alhaji Umaru Bubaram Ibn Wuriwa Bauya ya zama Mai, da Tikau ta Karai-Karai, da Gudi ta Ngamo. Fadar Fika ba ta ji daɗi ba, har ta garzaya kotu. Amma ba ta tashi daga Potiskum ba, kuma Sarkin Fika ne ya ci gaba da shugabantar majalisar sarakunan jihar.

Duba da kyau, duk kayan haɗin da masana suka ce suna kawo yaƙi sun hallara a tukunya ɗaya. Ga waɗanda suka shafe shekara 80 suna ganin an rufe musu ƙofa. Ga waɗanda aka rage wa iko dare ɗaya. Ga soke-soke da maidowa, wanda ke sa kowa ya ji cewa abin da ya samu yau ana iya ƙwacewa gobe. An yi zafin rai, an yi rubuce-rubucen ƙorafi, an yi gaba a siyasa, kuma har gobe zaɓen shugaban ƙaramar hukuma ko na ɗan majalisa ba ya rasa wannan ƙamshi. Amma ba a yi yaƙi ba.

A wasu wuraren ba a yi wannan sa'a ba. A Tafawa Balewa ta jihar Bauchi, neman sarautar Sayawa ya haɗu da addini, jini ya kwarara a 1991. A Zangon Kataf, maganar mayar da kasuwa wani wuri ce ta tayar da wutar 1992. A Jos ta Arewa, ƙaramar hukumar da aka ƙirƙiro a 1991, tambayar wa zai shugabance ta ce ta haddasa rikicin 1994 da na 2008. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi don kujerar minista. Duka a kan sarauta ne, da kasuwa, da sakatariyar ƙaramar hukuma, wato daidai matakin da jadawalin duniya ba ya hangowa.

Me ya raba Potiskum da su? A ganina abu uku ne. Mafi yawan masu jayayyar sahu ɗaya suke bi a masallaci, don haka ba a samu layin addini ya hau kan layin ƙabila ya ninka shi ba. Auratayya ta cakuɗa gidaje har ta kai mutum zai yi wuya ya zagi wata ƙabila bai zagi kawunsa ba. Na uku kuma, an samu ƙofar fita: an raba rawani. Ana iya yi wa yawaita masarautu dariya, kuma mutanen Kano da suka ga an tsaga tasu gida biyar a 2019 aka sake ɗinkewa a 2024 suna da dalilin ɗaga gira. Amma a Potiskum rawani na biyu ya yi aikin da masu binciken suka ce raba iko yana yi. Ya fi arha a kan dokar hana fita.

Saura kujerar Damaturu. Tun 1999 mutum ɗaya ne tak daga shiyyar kudu, wadda ake kira Zone B, mai ƙananan hukumomin Potiskum da Fika da Fune da Nangere, ya zama gwamna: Sanata Mamman Bello Ali, wanda aka zaɓa a 2007 ya rasu a Amurka a Janairun 2009 bai cika shekara biyu ba. Bukar Abba da Ibrahim Gaidam da Mai Mala Buni duk daga shiyyar gabas suke. Shiyyar arewa, ta su Gashuwa da Nguru, ba ta taɓa ɗanawa ba, ko da yake ta taɓa fitar da shugaban majalisar dattawa, Ahmad Lawan. Duk kakar zaɓe sai maganar karɓa-karɓa ta taso, kuma duk kakar zaɓe sai 'yan Zone B su tuna wa junansu cewa rashin haɗin kansu ne ke kayar da su. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta raba muƙamai daidai, a tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, akwai ma hukumar raba daidai da aka kafa tun 1996. Sai dai ita da jiha da ƙaramar hukuma take lissafi, ba da ƙabila ba.

Yaƙin da ya zo bai tambayi yare ba

Jinin da ya zuba a Potiskum ta wata ƙofa ya shigo. A ƙarshen Yulin 2009, lokacin tayar da ƙayar bayan mabiya Muhammad Yusuf, garin na cikin wuraren da aka kai wa 'yan sanda hari. A ƙarshen 2011 ya shiga jerin ƙananan hukumomin da aka sa wa dokar ta-ɓaci, babur ya zama haramtacce, a Mayun 2013 dokar ta game jihar duka, aka katse layukan waya. A Fabrairun 2013 aka kashe likitoci uku 'yan Koriya ta Arewa a masaukinsu. Ranar 6 ga Yulin 2013 aka afka wa makarantar sakandaren Mamudo, aka kashe mutum 42, mafi yawansu ɗalibai. Ranar 3 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a cikin masu muzaharar Ashura. Mako guda bayan haka, ranar 10 ga wata, wani ya sa kayan makaranta ya shiga taron safe na makarantar kimiyya ta gwamnati, ya tayar da abin da ke jikinsa, yara sama da 40 suka mutu. A 2015 aka bi kasuwar waya, da tashar mota, da kwaleji, da coci.

Waɗanda aka binne a waɗannan ranaku sun haɗa kowane yare na garin. Gaskiya ne manyan jagororin ƙungiyar mabiya Muhammad Yusuf da dama Barebari ne, kuma a tsohuwar ƙasar Borno ta fi yin jijiya, amma ba ta taɓa cewa don Barebari take yaƙi ba, kuma Barebari ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗarta. Mutumin da ya zo da ma'aunin wace ƙabila aka fitar daga majalisar ministoci ba zai hango wannan yaƙi ba. A nan tsoffin abokan gardamarsu, masu maganar raunin hukuma da talauci da dazukan ɓuya, sun fi kusa da gaskiya, ko da yake su ma ba su da gurbin da za su sa aƙida.

Ƙirga gawa ma ba ƙaramin aiki ba ne. Jami'ar Uppsala ta Suwidin, wadda alƙalumanta masu EPR ke jingina da su, tana kiran abu rikicin makami ne idan mutum 25 suka mutu a fagen daga cikin shekara, tana kiransa yaƙi idan sun kai 1,000. Akwai wani rumbun mai suna ACLED, akwai Nigeria Watch da ke tattara nata daga jaridun gida tun 2006. Kusan dukkansu da rahoton 'yan jarida suke aiki, to ina labarin watannin da babu waya, babu ɗan jaridar da zai iya shiga ƙauye? Ɗauki harin kasuwar shanu na daren 2 ga Mayun 2012. Hukuma ta ce mutum 34, mutanen gari suka ce sun haura 50. Wasu suka ce ramuwar gayya ce ta 'yan fashi da aka kama ɗayansu aka ƙone da rana, wasu suka ce 'yan ƙungiya ne. Ɗalibin da ke zaune gaban kwamfuta a Turai dole ya zaɓi lamba ɗaya da akwati ɗaya. Abin da ya zaɓa shi zai zama gaskiya a cikin ɗaruruwan maƙalu. A 2021 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa rikicin ya ci rai kusan 350,000 a Borno da Yobe da Adamawa zuwa ƙarshen 2020, amma kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai makami ya kashe kai tsaye. Sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, mafi yawansu ƙananan yara. Waɗannan ba sa shiga lissafin fagen daga.

Mu da muka ƙi ƙirga kanmu

Kafin mu gama ɗora wa baƙi laifi, akwai tambayar da ta dawo kanmu. Ngizimawa nawa ne a Potiskum? Bolewa nawa? Ba wanda zai ba ka amsar da ta wuce ƙiyasi, kuma kowa ƙiyasin da ya fi yi wa gidansu daɗi yake bayarwa. Ƙidayar ƙarshe da aka amince da ita wadda ta tambayi ƙabila ita ce ta 1963, ita ma da rigimarta. Ta 1973 soke ta aka yi. Ta 1991 da ta 2006 da gangan aka cire tambayar ƙabila da ta addini. Abin da ta 2006 ta ce kawai shi ne ƙaramar hukumar Potiskum tana da mutum 205,876, adadin da ko a lokacin mutanen garin suka ce ya yi kaɗan, balle yanzu da 'yan gudun hijira suka ƙaru a kai.

Ba wauta ba ce ta sa aka cire tambayar. Lebanon ba ta sake ƙidaya ba tun 1932 don tsoron abin da lamba za ta tono. A Ruwanda katin shaidar da 'yan mulkin mallakar Beljiyam suka rubuta wa ƙabila shi ya zama jerin sunayen yanka. A gari irin Potiskum, ranar da aka ce ƙabila kaza ce kashi kaza, washegari za a nemi a sake raba kansiloli. Amma rashin ƙirgawar ma bai kashe maganar ba, ya dai mayar da ita ƙarƙashin tabarma. Ana yin ta a wajen neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda sai mai unguwa da dagaci ko hakimi sun san da kai, kuma idan babu ita babu shiga soja, babu gurbin karatu, babu aikin gwamnati. Bahaushen da kakansa ya zo fataucin shanu tun zamanin Turawa ya san nauyin wannan takarda fiye da kowa.

Akwai wani abu da ya tsaya mini a rai. A shekarun da Wimmer da Min ke haɗa jadawalinsu, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suke. A wannan jami'a dai, a wani sashen, akwai Farfesa Russell Schuh, malamin harsuna wanda ɗaliban Hausa da yawa suka sani. Ya zauna a Potiskum tun wajen 1969 yana koyon Ngizimanci, ya wallafa ƙamus ɗinsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, tare da masu yarukan kansu, suka fitar da ƙamusoshin Bolanci da Ngizimanci da Karai-Karai da Ngamo da Badanci, aka buga su a nan cikin Potiskum a 2004, aka sake faɗaɗa su a 2009, shekarar da maƙalar EPR ta farko ta fito. Harabar makaranta ɗaya, wani yana tattara kalmomin mutane ɗaya bayan ɗaya, wani yana zana taswirar mulkin duniya wadda mutanen ba su samu layi a cikinta ba. Schuh ya rasu a 2016.

Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan. Tun kafin ɗagewar, hukumar ƙidaya ta riga ta sanar cewa a takardar tambayoyin babu ƙabila, babu addini.